Ƙwaryar Furar Inna Tanna

Shafi na 11

Kafin komai, godiya nake. Wayata ta faɗa bokitin wanki, kuka yi ta aiko da jaje ta wayar maƙwabciyata kamar an yi mini rasuwa, har wata baiwar Allah daga Tabalak ta ce in ba ta labarin da baki ita ta rubuta. Allah ya saka muku da alheri. Ku kuma 'yan ɓangaren Saratu, masu cewa Raƙiya ta cika nawa, ku gyara zama. Yau da ku nake.

*

Saratu ta sake danna saƙon muryar, ta ɗora wayar a kan keken ɗinkin Raƙiya don kar ta ce ba ta ji ba.

"Hajiyata ta kaina, barka da rana. Jiki Sabo ke magana. Motar Tawa za ta tashi daga Yamai da la'asar. Ki turo kuɗin yanzu, gobe war haka allurarki tana hannunki. Mu ba ma wahalar da mutane. Ba takardar likita, ba awon jini, ba tambaya. Kafin wata ya mutu sai tela ya rage miki kaya."

"Kin jiya?" in ji Saratu. "Tela shi rage miki kaya. Ke da ke at telar, ko dala ba ki biya."

Raƙiya ba ta yi dariya ba.

Tana zaune a kan benci, don kujerar roba ta daina ɗaukarta tun bara. Ita ce fa wadda da ake tsokana da sillen kara. Yanzu fuska ta cika ta yi zagaye, wuya ya nutse, gwiwa sai ta yi ƙara kafin goshi ya kai ƙasa wajen sujada. Amma ba zancen kwalliya ne ya dame ta ba, kada ku ɗauki alhakinta. Yayarta Mariama hawan jini ne ya kayar da ita a bakin murhu, ba ta sake magana ba har ta rasu, 'ya'yanta aka rarraba wa dangi. Watan jiya aka auna Raƙiya aka ce sukari ya hau, jini ya hau. Tun daga ranar in ta kalli Nusaiba, 'yarta tilo mai shekara tara, 'ya'yan Mariama take gani. Mijinta Manzo yana Abijan wajen bida, wato neman kuɗi, waya kawai ke haɗa su. Tsoron mutuwa take ji, tsoro na gaske.

Shi ya sa ta shiga neman allurar rage ƙiba a waya, ta tsaya a kan wurare biyu. Na farko wannan Jiki Sabo mai daɗin baki. Na biyu wani asibiti a Yamai da ke duba mutane ta hoton waya, su kuma suka ce allurar ba gyaɗa ba ce, sai likita ya gani ya rubuta.

"Waɗancan naki masu tambayak kabari, mi sunka ba ki?" Saratu ta ci gaba. Aminiyarta ce tun suna 'yan lakwal, wato makaranta, kuma tun lokacin bakinta bai san hutu ba. "Sun sa kin tahi awon jini, kin aika musu. Sun tambayi uwakki da ubanki da abin da yak kashe kakakki. Har yau ko ƙwaya guda."

"Sun ce lokotoro za ta kira bayan azahar."

"Azahar ta wuce. Ina kiran?"

Raƙiya ta duba wayar, ba kira.

"Raƙiya, don Allah nika hwaɗa miki. Ba ni son in ga an kwasa ki awa Mariama. Motagga in ta tashi sai wani sati."

Wannan maganar ce ta shiga. Raƙiya ta share gumi da gefen mayafi, ta ɗauki wayar. Kuɗin adashin da ta kwasa suna nan a ciki suna jira. Ta buɗe wajen turawa, ta fara danna lambar mutumin.

Sai wayar ta ɗauki ƙara a hannunta. Kiran hoto ne.

Saura kaɗan ta yar da ita.

Wata mata ce ta bayyana, da tabarau, farar riga a kan atamfa, fanka na juyawa a bayanta.

"Salamu alaikum. Madam Raƙiya? Dokta Zeinabou ta. Ki gahwarce ni, wani mara lahiya ar riƙe ni."

Saratu ta leƙo da kai. "Au, Hausan gida kika yi?"

"Ni ma ɗiyat Tebaram ta, aiki ak kawo ni Yamai." Ta yi murmushi, ta koma kan Raƙiya. "Na ga awonki. Amma ina son in gan ki da idona. In ba ki son kowa kusa, ki hwaɗi."

"Bar ta, dokta. Ko na kore ta ba ta hita."

"To matso da huskakki ga haske."

Ta matso.

"Juya in ga bayan wuya. Madalla. Ɗaga hannun riga."

Raƙiya ta ɗaga. Ga mace mai cika benci, amma damtsen siriri ne, fatar ta yi laushi, ga tabo-tabo na kwanciyar jini kamar wadda aka mintsina.

"Wa ab buge ki nan?"

"Ba kowa. Ko ƙyaure nit taɓa sai shi yi hakanga."

"Ƙahwahu fa? Su ma sirara na?"

"I."

"In kin tsugunna, kina iya tashi ba ki dafa komi ba?"

"A'a."

"Ga cikinki akwai zane-zane masu hwaɗi, jajaye?"

Raƙiya ta saci kallon Saratu. Wannan ko ita ba ta taɓa gaya wa ba.

"Akwai," ta ce a hankali.

Dokta Zeinabou ta cire tabarau ta ajiye.

"Wane magani kika sha kullum?"

"Ba ni shan komi."

"Na asma? Na ciwon gaɓɓai?"

"A'a."

"Man shahe mai sa haske?"

Saratu ta tuntsire da dariya. "Wagga? Dokta dube ta dai da kyau. Baƙinta na nan yadda Allah yab ba ta."

Likitar ba ta yi dariya ba.

"Madam Raƙiya, ba ni rubuta miki alluragga yau."

"Ka ji ko!" Saratu ta buga cinya ta miƙe. "Mi nic ce miki? Sun sa ki yawo cikin rana, sun sa kin tuɓe gaban waya, ƙarshe a ce babu. Dokta, ke ba ciniki kika nema ba? Ga mutum can yana roƙon mu!"

"Ina neman ciniki ƙwarai. Zamna ki ji."

Abin mamaki, Saratu ta zauna.

"Alluragga magani ta na gaske, tana taimakon mutane da yawa in an ba su bisa ƙa'ida. Amma ƙibakki ba ta yi mini kama da ta tuwo ba. Huska da ciki su cika, hannu da ƙahwa su rame, hwata ta yi laushi, sukari da jini su hau tare. Sau da yawa magani ka kawo wanga. Akwai wasu 'yan ƙwayoyi na masu asma da ciwon gaɓɓai, mata na saye kasuwa don su yi jiki. In abin na shiga jikinki kullum nib ba ki allura bisa, na ci kuɗɗinki banza, ciwon kuma shina nan shina cin ki."

"Wallahi dokta ban taɓa sha ba. Na rantse da..."

"Ba sai kin rantse ba, na yarda." Ta mayar da tabarau. "Wa ka dama miki hura?"



Daga tsakar gida ana jin ƙarar ludayi a cikin ƙwarya, ƙwas, ƙwas, ƙwas.

Inna Tanna ce, mahaifiyar Manzo. Ranar da ɗanta ya hau motar Abijan ta ɗaure kayanta daga Takanamat ta dawo Tawa, ta ce ba ta barin matar ɗanta da jikarta su kwana su kaɗai. Tun daga lokacin ba a taɓa yin ranar da ba ta surfa gero ta daka ta dama wa Raƙiya fura da hannunta ba. Ko zazzaɓi take yi sai ta dama.

"A'a," in ji Raƙiya.  "A'a dokta. Ba Inna ba."

"Ban ce ita ta ba. Tambaya za ki yi."

"Ni? In tambayi uwam mijina mi tas sa mini ga hura?"

Ta kalli Saratu. Saratu mai bakin nan ta kalli silin.

Ku da kuka san gidajenmu kun san abin da ake nufi. Tsakanin Raƙiya da Inna Tanna ba abin da ke wucewa sai gaisuwa da sannu da aiki. Ba ta taɓa cin abinci a gabanta ba. Ba ta taɓa haɗa ido da ita ba. In Inna ta kawo fura, sai Raƙiya ta russuna ta karɓa da hannu biyu, ta jira ta fita. Suna son juna, kowa ya sani, amma ba a faɗa.

"Salamu alaikum. Uwan Nusaiba, ga hura."

Labule ya ɗaga. 'Yar tsohuwa ce busasshiya, ba ta kai kafaɗar Raƙiya ba, ƙwarya a hannu an rufe da faifai. Ta ajiye a gefen keke kamar kullum, ta juya za ta fita.

"Ba ta wayar," in ji likitar ƙasa-ƙasa. "Bar ni da ita."

Saratu ce ta fizge wayar ta miƙa.

"Inna, wata ɗiyat Tebaram ka son gaishe ki."

Inna Tanna ta riƙe wayar nesa da fuska, ta ƙanƙance ido.

"Inna, ina wuni? Ina gajiya? Ya ƙarhin jiki?"

"Lahiya lau, ɗiyata. Tebaram gidan wa?"

"Gidan Ma'azu mai raƙuma."

"Ma'azu na bakin rijiya? Wanda ƙanwatai ta yi arme Takanamat?"

"Shi na kakana."

"Allahu akbar! Ashe ta gida ta!" Inna ta ja tabarma da ƙafa ta zauna. Aka shiga gaisuwa, ina wane, ina wance, wa ya rasu, wa ya haihu, ruwa ya sauka ko bai sauka ba. Raƙiya na tsaye jikin bango.

Can likitar ta ce, "Inna, na ga matam Manzo. Ta yi jiki ƙwarai. Wa ad da wanga aiki?"

Fuskar tsohuwar ta washe. Har haƙoranta uku da suka rage sai da suka fito.

"Wa kuwa in ba ni ba?"

"Hura ɗai?"

Inna ta yi 'yar dariya, ta sassauta murya kamar mai ba da asirin miya.

"Hura ɗai ba ta yin hakanga, ɗiyata. Tsaya ki gani."

Ta jawo haɓar zaninta, ta kwance ƙulli da haƙori. 'Yar leda ce, a ciki ƙananan ƙwayoyi farare. Ta ɗaga su gaban wayar da alfahari.

 Raƙiya ta zame ta zauna a kan benci.

"Ina kinka samo su, Inna?"

"Kasuwal Lahadi, ga wani mai tallan magani bisa kai. Yac ce mini bitamin na, na sa jiki. Nika murje shi cikin nono, ko ɗaci ba a ji."

"Tun yaushe?"

"Tun shekarad da ubanta yat tahi." Ta nuna ɗakin Nusaiba da haɓa, don ita ma ba ta kiran sunan ɗanta na fari. "Ke ba ki gan ta ba lokacin. Tunani yac cinye ta, ta koma ƙashi da rai. Munka tahi suna Takanamat da ita, ina bayan ɗaki nij ji mata na cewa, ku dubi matan ɗan Tanna, tsohuwar ta bi ta birni tana horon ta da yunwa. Daren nan ban runtsa ba. Sannan shi ma ya kira ga waya, yag gan ta, yac ce, Inna, amana nib bar miki hwa."

Ta gyara ƙullin ledar a tafin hannu.

"To mi zan yi? Gero nika da shi da hannuna. Nis sai da akuyata nis sai nono da abinga. Bara da munka koma Takanamat, waɗanda sunka yi zancen su sunka tashi sunka ba ta tabarma. Nic ce to, ku gani."

"Ba ki gaya mata ba?"

Inna ta kalli wayar kamar an yi mata tambayar yara.

"Ana gaya ma ɗiya abin da anka sa mata ga hura? Kunya za ta ji, ta ce a bari kar in wahala."

 Ko Saratu hannu ta sa ta toshe baki.

Dokta Zeinabou ta matso kusa da hoton. Muryarta ta yi laushi.

"Inna, ni lokotoro ta. Zan gaya miki magana, ki riƙe ta awa daga ɗiyakki. Mai tallan nan ƙarya yay yi miki. Matso da ledar in ga rubutun. I, shi na. Wanga ba bitamin ba na. Magani na mai ƙarhi, na wani ciwo daban. Jikin da kika gani kumburi na da kitse na ciwo. Shi ah hau da sukarinta, shi ah hau da jininta. Da an ci gaba hakanga, wata rana sai ta hwaɗi."

Murmushin ya daɗe a fuskar Inna kafin ya gane ba shi da wurin zama.

"Ta hwaɗi?"

"I, Inna."

"Awa yayatta?"



Ledar ta suɓuce, ƙwayoyin suka warwatse a kan tabarma. Tsohuwar ta kalli tafin hannunta, ta juya bayansa, ta sake juyowa.

"Kashe ta nika yi? Da hannunga? Kullum ina bisimilla ina kashe ta?"

Ba ta yi ihu ba. Sai kawai ta ja mayafi ta rufe kai, kafaɗunta suka fara rawa.

Ba zan ɓoye muku ba, ran Raƙiya ya ɓaci.  Ta tuna dariyar 'yan kabu-kabu in ta tsayar da su suna cewa sai dai ta biya na mutum biyu. Ta tuna ranar da ta kasa tashi daga sujada a masallacin Idi sai da aka kama ta. Ta tuna dararen da ta yi tana lissafin wa zai riƙe mata 'ya. Ashe duk daga wannan ƙwaryar.

Sai idonta ya sauka a kan hannun tsohuwar da ya leƙo daga mayafi. Duk kanta ne na taɓarya. Mace mai shekara saba'in da wani abu, ta bar garinta da ƙawayenta, ta sayar da akuyarta, tana daka kullum a cikin zafin Tawa, don kada a ce an wulaƙanta 'yar wani.

Fushin ya kasa tsayawa.

Raƙiya ta dafa keke, ta dafa bango, ta sauko ƙasa da ƙyar, gwiwa na ƙara. Ta kama hannuwan nan biyu.

"Inna."

Tsohuwar ta ƙara cusa kai.

"Inna, don Allah ki dube ni."

Mayafin ya ɗan zame. Karo na farko tun da aka kawo ta gidan Manzo, suka haɗa ido.

"Uwad da tah haihe ni ta rasu ina ƙarama, ban san daɗin uwa ba sai ga hannunki. Wanda yas sai da miki, shi da Allah. Ke kam ba ki nuhe ni da komi ba sai alheri. Na gode, Inna. Na gode da kowane daka."

"Ki yahe mini, ɗiyata."

"Ba ki yi mini komi ba. Na yahe duniya da lahira."

Suka rungume juna, babba da ƙarama, suna kuka. Saratu ma ta ja gefen wani yadin mutane da aka kawo ɗinki ta share hanci da shi.

Wayar da ke kan tabarma ta yi ƙyas. Wani saƙon murya ya shigo ta saman kiran, Saratu ta ga sunan.

"Jiki Sabo na. Wai mota na shirin tashi." Ta ja tsaki. "Allah shi kiyaye hanya, ba da mu ba." Ta danna ta toshe shi, sannan ta ɗaga wayar ta fuskanci likitar. "Dokta, ni na hi kowa kunya yau. Da kin ƙara jinkiri kaɗan da na sa ta tura. Ki gahwarce ni, bakina ya hi ni ƙarhi."

"Don kina son ta na. Yanzu ku saurare ni da kyau, dukanku. Kar a tsai da maganin nan gaba ɗai yau. Jikinta ya saba da shi, in anka yanke kai tsaye yana iya kada ta. Ku tsince ƙwayoyin nan ku mai da su leda. Gobe da sahe ku tahi babban asibiti nan Tawa da su, zan kira wani abokin aikina shi jira ku. Shi za ya rage mata kaɗan-kaɗan har a rabu da shi, a kama sukari da jini."

"Za ni warkewa?" in ji Raƙiya.

"Da yardar Allah. An gano abin, kuma wanga shi na babba. In komi ya daidaita munka ga har yanzu akwai bukatar allura, ni zan rubuta miki da hannuna, a kawo miki ta gaske cikin sanyi."

Raƙiya ta ji kamar an sauke mata buhun gero daga ka. Ta ɗaga hannu sama, hawaye na bin kumatu.

"Alhamdu lillahi. Dokta, ga ciniki ya zo har hannunki kinka ƙi, don raina. Ban da abin biyan ki. Allah shi jiƙan mahaihwanki. Allah shi raya miki zuri'a. Yadda kinka tsaya mini, Allah shi tsaya miki ranar da ba kowa."

"Allah shi yi ma Ma'azu rahama, ya bar iri," in ji Inna Tanna tana tsintar ƙwayoyin ɗaya-ɗaya. "In kin zo gida ki biyo, in dama miki..." Ta yi turus. "To, ba hura ba. Ko shayi."

Duk suka fashe da dariya, da hawayensu da komai. Har likitar sai da ta cire tabarau ta goge ido.

"Tambaya guda ta rage, Inna, sai in bar ku. Ban da ita, akwai wanda kika sa ma abinga?"

"Ko ɗai. Ita ɗai. Tamu hura daban nika dama ta, ƙwaryatta daban, luddanta daban. Ba mai taɓa ta."

"Madalla. To alhamdu lillahi."

Saratu ta sauke ajiyar zuciya.

 Amma dariyar ta bushe a fuskar Raƙiya. Tana kallon ƙwaryar da ke gefen keke, ba ta ko ƙifta ido.

"Ke, mi na na?" Saratu ta taɓa ta.

"Ba ni shanye ta."

"Mi?"

"Tun rasuwam Mariama nika son in rage ci. Ban iya ce ma Inna a bari. Ban iya mai da mata ƙwarya da saura, ta ce na raina hannunta. Sai in sha rabi in ruhe."

"Sauran hwa?" in ji likitar. Muryarta ta canza.

Inna Tanna ta tsaya da tsinta.

"Tun rasuwar?" ta ce a hankali. "Shi as sa nig ga jikin ya tsaya, bai ƙaruwa. Sai niƙ ƙara guda bisa."

"Madam Raƙiya. Wa ka shan sauran?"

Ƙyauren gida ya yi ƙara. Takun gudu ya ratso zaure.

"Salamu alaikum! Mun taso!"

Labule ya yaye. Nusaiba ce, jakar lakwal a baya, gumi a goshi, da kumatun nan nata cika-cika da duk unguwa ke ja ana cewa tubarkalla. Ta wuce kowa kai tsaye zuwa gefen keke, ta ɗaga faifan.

"Mama, yau ba ki sha ba? Duka tau ta?"

"Nusaiba!"

Raƙiya ba ta taɓa kiran sunan 'yarta ta fari a gaban surukarta ba sai yau. Yarinyar ta daskare, ludayi a hannu.

Daga cikin wayar muryar Dokta Zeinabou ta fito, a hankali.

"Saratu, juyo mini da wayar. In ga huskar yarinyar."